Ƙwaro mai huda katako da ƙudan takinid: shin abu ɗaya ne?

Wani mai karatu daga Rigachikun ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ina da ɗakin ajiya a bayan gidana, rufin kwano a kan katako, kuma a ciki nake jibge buhunan masara da dammunan karan dawa da nake ba dabbobi. Tun bara nake ganin wani gari mai laushi yana zubowa daga katakon, da na duba sai na ga ƙananan huji birjik. A 'yan kwanakin nan kuma wasu ƙudaje masu kauri da gashi tsaye-tsaye suna taruwa a jikin taga. Wani ɗan'uwana da ya karanci aikin gona ya ce ƙila ƙudan takinid ne. Shin su ne suke fitowa daga hujin katakon, kuma wane magani zan fesa ya kashe su gaba ɗaya?"

Malam, ba su ne suke fitowa daga katakonka ba, kuma idan hasashen ɗan'uwanka ya tabbata, to waɗannan ƙudaje ba abin kashewa ba ne, domin aiki suke yi maka ba tare da ka biya su ba: 'ya'yansu ne suke cin tsutsotsin da ke ɓata amfanin gona. Wanda yake yi maka ɓarna yana can cikin katakon, inda feshi ba ya kaiwa. Idan ka ɗauko famfon feshi ka bi ƙudajen taga, ka bar jaki kana dukan taiki. Zan yi bayanin dalili da ɗan tsawo, saboda wannan ruɗani ya sha zuwa gabana daga manoma da kafintoci, kuma kusan kullum tushensa ɗaya ne: ana yanke wa ƙwaro hukunci da siffar babbansa mai tashi, alhali a wurin waɗannan halittu biyu tsutsar ce take yin aikin da ya shafe mu.

Abin da ya haɗa su kaɗan ne. Dukansu ƙwari ne masu ƙafa shida, kuma dukansu suna bin matakai huɗu a rayuwa, wato ƙwai, sai tsutsa, sai wani lokaci na kwanciya da halittar ke sauya kama ba ci ba sha, sannan babba mai fuka-fuki. Haka kuma tsutsar kowannensu tana girma a ɓoye, a cikin abin da take ci. Daga nan hanyar jirgi daban, ta mota daban. Mai huda katako yana cikin babban rukunin ƙwari masu taurin baya, danginsu buzuzu da ƙwaron wake, rukunin da masana suka rubuta nau'i kusan 400,000 a cikinsa. Fuka-fukansa na gaba sun zama murfi mai tauri da ke haɗuwa a tsakiyar baya, na tashin suna naɗe a ƙarƙashi, kuma bakinsa muƙamuƙai ne masu yanka kamar almakashi. Shi kuwa takinid ƙuda ne na sosai, ɗan'uwan ƙudan gida da sauro da tsando. Fuka-fukansa biyu ne kacal, a bayansu akwai wasu 'yan ƙulalai biyu masu kama da kan allura da ke daidaita masa tashi, kuma bakinsa na lasa ne da tsotso. Wannan baki kaɗai ya isa ya amsa rabin tambayarka, domin halittar da ba ta iya cin komai sai ruwa-ruwa ba ta da abin da za ta huda katako da shi, ko da kuwa katakon ya ruɓe.

Sunan "mai huda katako" ba na ƙwaro ɗaya ba ne, suna ne na sana'a da dangogi da dama suka yi tarayya a cikinta, kuma sanin wanda ya shiga ɗakinka shi ne zai nuna maka matakin da ya dace. Yadda ka kwatanta garin da laushi, da kuma ƙanƙantar hujin, ya fi kama da aikin 'yan ƙananan ƙwarin da ake kira Lyctus da 'yan'uwansu na dangin Bostrichidae. Babban Lyctus siriri ne, ja-ja mai duhu, tsawonsa bai cika wuce milimita 7 ba, kuma da dare ya fi yawo, shi ya sa mai gida kan yi shekara yana share gari bai taɓa ganin mai garin ba. Macen tana zura ƙwanta a cikin 'yan ƙofofin da ruwa ke bi a jikin itace lokacin da yake raye, waɗanda za ka iya gani kamar ɗige-ɗige a bakin katakon da aka yanke. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe fara ce, a lanƙwashe take kamar lauje, tana da kai mai tauri, kuma tana bin tsawon katakon tana ci tana cusa garin a bayanta. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne wannan tsutsa ba ta iya narkar da zaren itacen kansa; sitacin da bishiyar ta tara take nema. Sitaci kuwa yana cikin farin gefen gungume ne, wanda ke kusa da ɓawo, ba a cikin zuciyar itacen mai duhu ba. Wannan ne ya sa za ka ga katako guda ɗaya gefensa fari ya zama gari, gefensa ja kuwa ko ƙwarzane babu. Shi ne kuma ya sa farin katako mai sauƙin nauyi irin obeche yake saurin ciwuwa, gora ma haka, alhali zuciyar ƙirya takan yi shekaru aru-aru ba abin da ya same ta. Tsofaffin magina da suke zaɓen azara daga gefen giginya mai tauri, suna watsar da tsakiyar mai laushi, sun san wannan darasi tun kafin a rubuta shi a littafi, ko da yake a giginya taurin yana waje ne, akasin sauran itatuwa.

Hujin da kake gani ƙofar fita ce, ba ta shiga ba. Lokacin da tsutsar ta gama girma takan matso kusa da fuskar katakon ta kwanta, ta rikiɗa, sannan babban ya huda ya fito, garin ya zubo. Saboda haka duk huji ɗaya shaida ce ta ɓarnar da aka riga aka gama ta watanni. A ƙasashe masu sanyi zagayen rayuwar Lyctus kan ɗauki kimanin shekara guda, a irin zafinmu kuwa yakan gajarta zuwa 'yan watanni, kuma sababbin manyan sukan sake yin ƙwai a katakon da suka fito daga cikinsa, har sai sitacin ya ƙare ko katakon ya zama ɓawo kawai a kan gari. Wasu dangogin sun fi wannan jinkiri nesa ba kusa ba. Tsutsar wani mai dogon ƙaho da ke cin rufin gidaje a Turai da Afirka ta Kudu tana yin shekara 3 zuwa sama da 10 a cikin katako, kuma a Arewacin Amurka an taɓa rubuta fitowar wani ƙwaro mai sheƙi, Buprestis aurulenta, daga katakon gini bayan shekara 51. Dalilin jinkirin shi ne busasshen itace abinci ne maras albarka, ba ruwa ba sinadarin gina jiki sai kaɗan, don haka tsutsar sai ta ci da yawa kafin ta girma kaɗan.

Akwai manyansu da ke aiki a gonakin itatuwa. Apate terebrans baƙi ne mai siffar gungume, yana kai santimita 3, kansa a sunkuye ƙarƙashin wani doro mai ƙaya-ƙaya, kuma shi babban ne da kansa yake huda ɗanyar bishiya ya shiga, irin su kashu da darbejiya, har reshe ya karye idan iskar farkon damina ta taso. A wurinsa huji ƙofar shiga ce. Masu gonar kashu a ƙasar nan sun kuma san Analeptes trifasciata, mai dogayen ƙahonni da zane uku a baya, wanda yake gwaguye ɓawon reshe ya zagaye shi har reshen ya bushe, domin 'ya'yansa a mataccen reshe suke girma. Sai wasu 'yan mitsi-mitsi da ke shiga ɗanyen gungume bayan an sare shi, waɗanda ba itacen suke ci ba, funfuna suke shukawa a bangon raminsu su ci. Alamarsu ita ce huji mai baƙin baki kuma babu gari a ciki. Na ambace su ne don amfanin mai sayen katako a Panteka ko wata kasuwar katako: irin wannan huji mai baƙin baki a busasshen katako tsohon tabo ne, masu shi sun mutu ko sun tafi tun da itacen ya bushe, kuma ba zai ƙaru ba. Huji mai haske da ke zubar da gari idan ka buga katakon, shi ne wanda za ka guda ko da an rage maka kuɗi.

Akwai dalilin da ya sa nake son ka duba buhunan masararka ma. Ƙwaron hatsin nan da ake kira Prostephanus truncatus ɗan dangin Bostrichidae ne, asalinsa mai huda itace ne a Meziko da Amurka ta Tsakiya, ya shigo Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, aka gan shi a Togo a 1984, daga nan ya bazu a Afirka ta Yamma. Yana cin masara da busasshen rogo, yana mayar da su gari, kuma yana iya fakewa a katakon rumbu ko na ɗakin ajiya tsakanin kaka da kaka. Idan ka ga irin wannan gari a ƙarƙashin buhu, matsalar ta wuce ta rufi.

Shi kuma ƙudan takinid, dangi ne mai nau'i sama da 8,000 da aka sani, kuma abin da ya haɗa su duka shi ne tsutsarsu ba ta girma sai a cikin jikin wata halitta mai rai, galibi wani ƙwaro, kuma mafi yawa tsutsotsin malam-buɗe-littafi da danginsa na dare, wato masu cin ganye da masu huda kara. Bambancinsa da kaska ko ƙwarƙwata shi ne su suna shan jini su bar mai jinin da ransa, shi kuwa ƙarshen zamansa mutuwar mai masaukinsa ce. Babban ƙudan ba ya cizo, ba ya bin ƙazanta ko abincin mutane kamar ƙudan gida. Ruwan fure yake sha da darɓar da ke kan ganyen dawa.

Hanyoyin da macen ke bi ta isar da ɗanta cikin jikin tsutsa sun cancanci a tsaya a kansu, domin a nan ne ake gane inda ƙudan zai iya kaiwa da inda ba zai iya ba. Wasu suna manna farin ƙwai a fatar tsutsar, sau da yawa kusa da kai inda ba za ta iya juyowa ta cire shi ba, kuma manomi mai lura yakan ga waɗannan ɗigon farare a jikin tsutsar da ya ɗauka daga ganye. Wasu suna zuba dubban ƙwai 'yan ƙanana ƙwarai a kan ganyen da tsutsa ke ci, ta haɗiye su tare da ganyen, su ƙyanƙyashe a cikinta. Wasu suna da tsinke a ƙarshen ciki da suke huda fatar da shi. Wasu kuma suna riƙe ƙwan a cikinsu har ya kai ƙyanƙyasa, sai su ajiye 'yar tsutsa mai kuzari a bakin ramin da abin farautarsu ya ɓuya, ita kuma ta bi ramin da kanta. Mutanen Kaduna ba baƙi ba ne ga ƙuda mai haihuwa, tun da hedikwatar cibiyar binciken cutar sammore ta ƙasa tana garin nan, kuma tsando da ake nazari a can tsutsa ɗaya take haifa a lokaci guda. Sai dai ita tsando tana ciyar da ɗanta a cikinta har ya ƙoshi, takinid kuwa ɗora wa wani nauyin ciyarwar take yi. A Amurka akwai wata mai suna Ormia ochracea da ke da kunnuwa a ƙirji, tana bin kukan gyare da dare har ta same shi, kuma daidaiton jinta ya sa injiniyoyi suka kwaikwayi tsarinsa wajen binciken na'urar taimakon ji.

Da zarar tsutsar takinid ta shiga, matsalarta ta farko numfashi ce, tun da a cikin ruwan jikin wani take. Yawancinsu sukan maƙala bayansu a hujin da suka shiga ta nan, ko a ɗaya daga bututun numfashin mai masaukin. Jikin mai masaukin yakan yi ƙoƙarin lulluɓe baƙon don ya kashe shi, sai lulluɓin ya zama wani mazurari da ke riƙe baƙon a daidai inda iska ke shigowa. Da farko ruwan jiki da kitse take ci, ta bar sassan da rai ya dogara a kansu, don kada abincinta ya ruɓe kafin ta gama. Sai a kwanakin ƙarshe take cinye sauran. Duk wannan a lokacin zafi bai cika wuce mako biyu ko uku ba. Daga nan ta fito, fatarta ta ƙarshe ta ƙandare ta zama wani kwanso ja mai duhu mai kama da ƙwayar wake ƙarama, a ciki ta rikiɗa. Ka kwatanta wannan da tsutsar katako mai shafe watanni ko shekaru: ɗaya nama take ci, ɗaya sitacin da ke warwatse cikin busasshen itace. Siffarsu ma ta bi abincinsu. Ta katako tana da kai mai tauri da muƙamuƙai, ta takinid kuwa ba ta da kai da za a nuna, ba ƙafa, sai 'yan ƙugiyoyi biyu a baki.

To daga ina ƙudajen tagarka suka fito? Zatona ya fi karkata ga karan dawar. A yankinmu tsutsar Busseola fusca da ke huda karan dawa da masara ba ta mutuwa da kaka. Takan kwanta a cikin busasshen kara ta wuce rani, ta jira damina, abin da masu bincike a Samaru suka daɗe da bayyanawa, kuma shi ne dalilin da ya sa karan da aka jibge kusa da gona yake zama tushen ɓarnar shekara mai zuwa. Akwai ƙudajen takinid da suka ƙware a kan masu huda kara a Afirka ta Yamma, kamar Sturmiopsis parasitica, wadda warin kashin tsutsar da ke bakin rami yake jawo ta, ta ajiye 'ya'yanta a wurin. Idan ka shigo da kara mai ɗauke da tsutsotsin da aka riga aka shiga jikinsu, ƙudajen za su fito a cikin ɗaki, su nufi haske, su taru a taga suna neman hanya. Kowane ɗaya daga cikinsu shaida ce cewa wata tsutsa da za ta ci maka dawa ta mutu.

Amma kama da wane ba ta wane, kuma ba zan tabbatar maka da sunan ƙuda ba tare da an duba shi ba. Ƙudan nama, wanda ke zuwa wa mushe, shi ma toka-toka ne mai gashi, kuma idan ɓera ya mutu a saman rufi ko bayan buhu za ka ga irinsa a taga bayan mako biyu ko makamancin haka. Shi yana da baƙaƙen layi uku a gadon baya, jajayen idanu, da ciki mai zanen dara. Takinid yakan fi shi kaurin gashi a ƙarshen ciki, gashin a tsaye kamar na burushi. Alamar da masana suka fi dogara da ita tana buƙatar gilashin ƙara girma: a ƙarshen gadon baya akwai wani ɗan faifai, kuma a takinid akwai wani kumburi kamar matashi a ƙarƙashin faifan, wanda ƙudan gida da na nama ba su da shi a bayyane. Ɗan siririn gashin da ke kan ƙahonsa ma a yawancin takinid sumul yake, na ƙudan gida kuwa kamar gashin tsuntsu. Ka kama biyu ko uku ka saka a kwalba da ɗan sifirit ka kai wa malamin gona, ko sashen kare amfanin gona na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru idan hanya ta kai ka Zariya.

Gaskiya ne akwai inda halittun biyu suke haɗuwa, kuma bai kamata in ɓoye shi don amsata ta yi santsi ba. Ƙudajen takinid na jinsin Billaea suna farautar tsutsotsin ƙwari masu dogon ƙaho a cikin rassa da kututture, ta hanyar nan ta ajiye 'yar tsutsa a bakin rami. Sai dai wannan a ɗanyen itace ko mai ruɓewa yake faruwa, inda ramin yake da faɗi da danshi kuma tsutsar da ake nema babba ce. Ramin Lyctus a busasshen katakon rufi bai fi milimita 1 zuwa 2 ba, cike yake da gari, kuma tsutsar da ke ciki ba za ta ƙosar da ƙuda mai girman wanda ka kwatanta ba. Maƙiyan ƙwarin busasshen katako wasu ne daban: 'yan ƙananan dangin zanzaro, wasunsu ba su da fuka-fuki har a ɗauke su tururuwa, kuma sukan harbi mutum, da wasu ƙwari masu taurin baya da ke bin ramin suna cin tsutsar. Ganinsu alama ce cewa katakon na da ƙwari masu rai, amma ba sa ceton rufi. Ko a kan Prostephanus, abin da aka kawo daga ƙasarsa ta asali aka saki a Togo a 1991 wani ƙwaro ne mai taurin baya, Teretrius nigrescens, ba ƙuda ba.

Kada kuma a ɗauka takinid alheri ne zalla a ko'ina. A tsibirin Fiji an kai wata mai suna Bessa remota daga Malaya, wato yankin Malesiya ta yanzu, a 1925 don ta yaƙi wata tsutsa da ke halaka bishiyar kwakwa, ta yi nasara har tsutsar ta ɓace daga gani, kuma yau masana suna muhawara ko an shafe wata halitta ce daga doron ƙasa. A Amurka an shigo da Compsilura concinnata daga Turai a 1906 saboda wata tsutsa mai cin ganyen daji, sai ta koma kan nau'i sama da 150, ciki har da waɗanda ba su yi wa kowa laifi ba. A Indiya masu kiwon tsutsar siliki suna ɗaukar wata takinid a matsayin babbar annobarsu, har sai sun sa raga a tagogi. Amma ga mai noman masara da dawa a Giwa ko Saminaka, ko mai rake a Makarfi, waɗanda ke ƙasar tun asali abokan aiki ne. Tun da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta bayyana a Najeriya a farkon 2016, an samu ƙudajen takinid na gida, irin jinsin Drino, suna shiga jikinta a ƙasashen Afirka da dama, duk da cewa baƙuwa ce daga nahiyar Amurka.

A nan ne batun feshi ya zama abin takaici. Babban takinid a fili yake yawo, daga fure zuwa ganye, yana taka duk inda magani ya sauka, don haka shi ne farkon mutuwa. Tsutsar da ke cikin kara ko cikin katako kuwa tana da bango tsakaninta da maganin. Na taɓa ziyartar wata gonar masara da mai ita yake feshi kowane mako tun tsiro, yana kukan tsutsa na ƙaruwa. Da muka tara tsutsotsi daga gonarsa da kuma daga wata ta maƙwabta da ba a cika fesawa ba muka ajiye su a kwalabe, daga na maƙwabcin ne ƙudaje da 'yan zanzaro suka fito. Ba ina cewa a daina magani ba ne, domin akwai lokacin da ɓarna kan kai matsayin da dole a yi. Ina cewa ne a duba gona kafin a fesa, a zuba maganin a cikin zuciyar masarar inda tsutsar take maimakon a wanke gona duka, a yi da yamma, kuma a bar ciyayi masu fure a gefen gona saboda abincin manyan ƙudajen.

Game da katakon, fara da tabbatar da cewa ƙwarin suna nan da rai. Share garin, shimfiɗa baƙar leda a ƙarƙashi, ka zagaye hujin da ke wani yanki da fensir, ka dawo bayan mako biyu ko uku. Sabon gari da sabon huji su ne hujja. Ka kuma tabbata ba gara ba ce, wadda alamarta ginin ƙasa ne a jikin katako da bango, ba gari ba. Idan hujin babba ne da yatsa ƙarami zai kusa shiga, kuma kana jin ƙugi, wannan wani baƙin dangin ƙudan zuma ne da ke gina ɗaki a katako, ba ya cikin waɗanda muke magana a kansu. Bayan haka ka bi katakon da sukudireba ko ƙusa kana dannawa. Duk wanda ƙusa ta nutse a cikinsa ya gama aiki, a kira kafinta ya sauya shi kafin iskar watan Afrilu da Mayu, a kuma ƙone wanda aka cire maimakon a jingine shi a bayan ɗaki. Wanda ɓarnarsa ta tsaya a farin gefe, a sassaƙe gefen har a kai ga mai ƙwari, a shafe shi da maganin katako mai ratsawa, irin mai sinadarin boron ko wanda kafintoci ke amfani da shi, a shafa sau biyu da burushi, a ba bakin yanka kulawa ta musamman domin ta nan macen ke samun ƙofa. Fenti ko fanish yana toshe ƙofofin ya hana sabon ƙwai, amma ba ya kashe tsutsar da ta riga ta shiga, haka ma baƙin man injin da aka saba shafawa, wanda bai cika wuce fuskar katako ba.

Abin da ke kashe su har ciki shi ne zafi. Ƙa'idar duniya ta katakon da ake ɗaure kayan fatauci da shi, wadda aka amince da ita a 2002, ta tanadi a ɗumama shi har tsakiyarsa ta kai digiri 56 a ma'aunin Salshiyos na minti 30, kuma an kafa ta ne saboda irin asarar da aka gani, kamar ƙwaro mai dogon ƙaho na Asiya da aka gano a birnin New York na Amurka a 1996 bayan ya shiga cikin katakon ɗaure kaya. Ƙananan kaya irin kujera, ƙota, allo ko akwati za ka iya naɗe su a baƙar leda ka ajiye a rana tsaka a watan Maris na kwana biyu ko uku, kana juyawa. Rufi ba ya naɗuwa, shi ya sa maganinsa sauyi ne da shafe. Ƙwayar hayaƙin nan da ake sakawa a buhun hatsi kada ka yi amfani da ita a ɗakin da ke manne da inda mutane ke kwana, domin iskar da take fitarwa tana ratsa bango da silin, kuma ta sha kashe iyali a cikin barci. Ko ta kashe ƙwarin, ba ta barin komai a katakon da zai hana wasu dawowa.

Karan dawar kuma ka fitar da shi daga ɗakin, ka buɗe tagar ƙudajen su fita. Ka tsaga kara ashirin ko talatin da wuƙa ka duba: inda ka ga tsutsa fara a kwance, wannan mai jiran damina ce, inda ka ga busasshiyar fata da ɗan kwanso ja a gefenta, takinid ya riga ka. Ka saka 'yan kwanson a kwalba, ka rufe bakin da ƙyalle, ka ajiye a inuwa, abin da ya fito ka kwatanta shi da na taga. Sauran karan a daddatsa a ba dabbobi ya ƙare kafin ruwan farko ya sauka.